Ruwan Ƙasar Jigayi: Tarihin Binciken Kwarin Haɗejiya da Matsayin Ɗalibi a Cikinsa

 Na san akwai mai tambaya a ransa, me ya haɗa malamin Hausa da kifi da ciyawar ruwa, alhali ga masu fannin nan zaune a sahun gaba. To, wani ɗalibi ne ya jawo ni. Yaron yana aji uku a fannin ilmin halittu, lokacin fitarsu horon sanin makamar aiki na wata shida ya gabato, sai ya kawo mini takarda in duba masa, wadda a ciki yake roƙon a ɗauke shi a Cibiyar Binciken Teku da ke Legas. Na gyara abin da zan gyara, sa'an nan na tambaye shi ko ya nemi wani wuri a kusa, ko da za a ƙi shi a can. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai a nan babu ruwa."

Ban ga laifinsa ba. Daga Dutse zuwa bakin teku mafi kusa akwai kimanin kilomita 800, kuma cibiyar da yake nema, wadda aka kafa cikin 1975, wuri ne na ƙwarai. Wanda ya sami shiga ya je da albarka. Amma maganar tasa ta tsaya mini a rai, domin tafiyar sa'a ɗaya ko biyu a mota daga inda muke zaune akwai wani kwari wanda 'ya'yan Turawa suka riƙa tasowa daga Landan da Kambirij suna samun digiri na uku a kansa. Abin da nake so in bi da ku yau shi ne tarihin binciken wannan kwari, watau wa ya zo, me ya auna, ina ya kai abin da ya auna. Za ku ga cewa an fi shekara ɗari ana wannan aiki, amma kusan kowane zango baƙo ne ya zo da kuɗinsa, ranar da kuɗin suka ƙare awo ya tsinke. Mutum ɗaya ne kawai yake dawowa kowace shekara ba tare da an jira taimakon wata ƙasa ba, shi ne irin wancan ɗalibi.

Ƙasar da Ruwa ya Rarraba

Mu fara da sunan jihar kanta. Jigawa a Hausa ita ce tudun rairayi, kuma duk wanda ya bi hanya daga Jahun ya nufi Kafin Hausa ya ga yadda ƙasa take hawa tana sauka. Waɗannan jigayi rairayin hamada ne wanda iska ta jera a wani zamani mai tsananin fari, shekaru dubbai da suka wuce, ta shimfiɗa su daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Da damuna ta dawo ƙasar, sai kogi ya tarar an gindaya masa katangu. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ake kiransa Kogin Haɗejiya. Yamma da Wudil a kan dutse yake gudu, yana ƙaruwa da ruwan kowane rafi. Da ya wuce Wudil ya nufi Ringim sai dutsen ya nutse, kogi ya hau ƙasa mai rairayi da yumɓu mai kaurin gaske, wadda masana suke kira shimfiɗar Cadi. Duwatsun da suka ba garin nan suna ma kawunan dutsen ƙarƙashi ne da suka leƙo. Daga nan kogin raguwa yake yi. Yakan rarrabu tsakanin jigayi, wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, ya malala a fadamun Miga da Auyo da Haɗejiya da Kiri Kasamma da Guri, rana ta sha nata, ƙasa ta sha nata, abin da ya rage ya haɗu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya doshi Tafkin Cadi. Wanda ƙasa ta sha kuwa bai ɓata ba, shi ne mutanen ƙauyukan da ba su taɓa ganin kogin ba suke ja da guga a rijiya.

Teku kuma, in dai faɗi ake nufi, mun taɓa yin maƙwabtaka da ita. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, gaɓarsa ita ce dogon tudun nan da ya ratsa Bama da Maiduguri. Cikin 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da katako. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka tono shi cikin 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita takwas da ɗoriya, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka samu a Afirka wanda ya girme shi.

Masana na Farko

Tun kafin a zo da kwalba da ma'auni akwai masu ilmin wannan ruwa, su ne masunta, Hausawa da Badawa da Mangawa. A nan ne fannina ya shigo, domin ilminsu a cikin harshe yake ajiye. Masunci ya san gaiwa tana shiga taɓo in ruwa ya janye, ta naɗe kanta, ta yi rani tana shaƙar iska tana cin jikinta har ruwa ya dawo, shi ya sa ake yi wa mai cinye jarinsa ba'a da ita. Ya san bargi yana yin sheƙa da ciyawa a cikin ambaliya, karfasa tana rainon ƙwanta a baki, tarwaɗa tana iya jan ciki daga kududdufi zuwa kududdufi. Ya san minjirya tun kafin a kawo lantarki ƙasar nan. Ya bambanta ƙurungu da ragon ruwa, kawara da tsage, yauni da giwan ruwa, ya kuma san watan da kowanne yake bin sabon ruwa ya hau fadama ya yi ƙwai, da watan da 'ya'yansa suke komawa gulbi.

Wannan sani na ƙarshe shi ne gindin maganar duka. Kifin irin wannan kogi a fadama yake hayayyafa, cikin ciyawar da ruwa ya shanye, inda abinci yake da yawa, maɓoya ma da yawa. In ambaliya ta yi faɗi kifi ya yi yawa, in ta ƙuntata ya ragu. Robin Welcomme, wani masani na Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tabbatar da haka da alƙaluma daga kogunan Afirka cikin shekarun 1970, ya nuna cewa hekta ɗaya ta fadama mai shan ambaliya takan ba da kifi kilo 40 zuwa 60 a shekara. Sarkin ruwa bai san kilo ba, amma a kan wannan ka'ida ya gina dokarsa: akan hana shiga wani gurbi har sai ranar da aka sa, sa'an nan a yi su gaba ɗaya, kamar yadda har yanzu ake gani a bikin kamun kifin Badawa na Gogaram. Abin da jami'in kifi na yau yake kira rufe lokacin kamu ke nan.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara sunayen kifi masu yawa, har da waɗanda ya yi wa alamar karin harshen Haɗejiya. Sai dai mai ƙamus kalma yake bi, ba kifi ba. Suna ɗaya yakan rufe nau'i uku ko huɗu, kifi ɗaya kuma yakan sake suna in ya girma, ko in an ƙetare daga wannan gari zuwa wancan. Warware wannan aiki ne na mutum biyu, mai harshe da mai ilmin halittu, su zauna gaban masunci tare da kifin a hannu.

Masu Kwalba

Binciken Turawa ya fara ne da tara samfur. Tawagar Boyd Alexander da Kyaftin Gosling, wadda ta iso Kogin Yobe da Tafkin Cadi cikin 1904, ta aika da kifayen yankin Cadi zuwa gidan tarihi na Landan, inda George Boulenger yake tantance su. Shi ne ya fitar da kundin kifayen ruwan daɗi na Afirka, juzu'i huɗu, tsakanin 1909 da 1916. Kifin yana cikin kwalba a Landan, sunansa na Latin yana cikin littafi, wanda ya kamo shi da homa kuwa ba a rubuta sunansa ba. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta damu da kifin Arewa ba kamar yadda ta damu da gyaɗa da auduga, sai dab da tafiyarta.

Aikin da ya fi amfanar mu ya zo ne bayan mulkin kai. Cikin shekarun 1960 aka buɗe tashar binciken kifi a Malam Fatori a bakin Cadi, inda A. J. Hopson ya yi nazarin giwan ruwa, cikin 1967 kuma Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga littafin William Reed da abokansa a kan kifi da kamun kifi a Nijeriya ta Arewa, mai ɗauke da zanen kifayen da sunayensu na gida. Marubutan biyar ne, na biyar ɗinsu Ibrahim Yaro. Ina son ɗalibai su riƙe wannan suna, domin yana cikin na farko daga 'yan Arewa da aka buga a bangon littafin wannan fanni. A cikin shekarun nan ne kuma aka kafa sandunan auna tsayin ruwa a wurare irin su Wudil da Haɗejiya da Gashuwa, aka sa mutane suna karantawa kullum suna rubutawa. Aiki ne maras kwarjini, albashinsa kaɗan, amma duk lissafin da aka yi daga baya a kan waɗannan litattafan ya tsaya.

Tiga

Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki gina madatsun ruwa a matsayin babban aikinsa, mafi girmansu kuwa Tiga, wadda aka gama cikin 1974, mai iya riƙe kusan kubik mita miliyan dubu biyu. Ba zan tsaya a nan in ci mutuncinsa ba, kamar yadda waɗansu suke yi daga cikin inuwa. Mutumin da ya ga farin 1972 zuwa 1974, ya ga shanu suna faɗuwa, ya ga birnin Kano yana bunƙasa babu ruwan sha, in ya tare kogi yana da hujja. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa 'ya'yan Tiga ne, dubban gidaje a kansu suke ci. Abin da tarihi zai rubuta kawai shi ne tsarin da abubuwa suka bi: babban nazarin kwarin Haɗejiya, wanda kamfanin Schultz na ƙasar Kanada ya yi, cikin 1976 ya fito, shekara biyu bayan an rufe bakin kogi. A Kainji, inda aka gama madatsa cikin 1968, an tura masana halittu sun duba kifin Kwara tun ruwa bai taru ba.

A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, madatsun suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. Cikin 1992 aka gama ta Calawa, mai kimanin rabin girman Tiga, su biyun suka riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. A wajen wannan lokaci kuma aka gama shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya kusa da Auyo. Ta Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are an fara an bari, an sake farawa an sake bari, ba a gama ba. Ma'aikatan gwamnati su lura da wani abu a nan: sa'ad da aka gina Tiga, mai riba a Kura da mai hasara a Haɗejiya duk 'yan jiha ɗaya ne. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sai famfo ya zauna a wata jiha, makullinsa a hannun Tarayya, fadama kuma a wata jihar.

Madatsa da fari suka haɗu, musamman farin 1983 da 1984. Faɗin ƙasar da ambaliya take shanyewa a dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda a shekarun 1960 da farkon 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Mai son sanin abin da wannan yake nufi ga masunci ya ninka bambancin da awon Welcomme.

Tsuntsu ya Kawo Masu Bincike

Ko abin dariya ne ko abin kunya, ba kukan masunci ba ne ya jawo hankalin duniya, tsuntsu ne. Ban da dinya da kirinjijiya na gida, akwai agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu ƙetare Sahara daga Turai su yi hunturu a dausayin nan, masu ƙaunarsu a can kuwa suna ƙidaya su. Da suka ga masauki yana bushewa, sai cikin 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Dausayin Haɗejiya da Nguru, mai ofis a Nguru, da hannun ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya. Cikin 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa ya ga tsuntsayen.

Amma a yi musu adalci, ba su daɗe ba suka gane cewa ba a kiyaye agwagwa a bar manomi. Shekaru goma da suka biyo baya su ne zamanin da aka fi sanin wannan kwari a tarihinsa. Aka riƙa hawa jirgin sama ana zana iyakar ambaliya, ana ƙidayar tsuntsaye kowane hunturu, ana bin kasuwannin kifi. G. E. Hollis na Jami'ar Landan da W. M. Adams na Kambirij da Muhtari Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan dausayin cikin 1993. Ɗalibai ne suka ɗauki nauyin aikin fili mai yawa: Julian Thompson ya yi digirinsa na uku a kan lissafin shigar ruwa da fitarsa, David Thomas ya zauna cikin masunta ya yi nasa a kan kamun kifi da dokokin mallakar ruwa. Edward Barbier da Adams da Kevin Kimmage kuma suka yi wani lissafi wanda ya zaga duniya. Sun kimanta abin da fadama take bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka ga kowane kubik mita dubu na ruwa yana jawo aƙalla dala 32 a canjin 1989, alhali in an kai shi gonakin aikin Kogin Kano abin da yake jawowa santi 15 ne. Ana iya jayayya da lissafin, an kuwa yi. Sai dai ratar ta fi ƙarfin kuskuren alƙalami, kuma ba su sa kiwo da ruwan rijiya a ciki ba.

Sakamakon wannan aiki ne aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar cikin 2000, Baturiya ta Kiri Kasamma ta biyo baya cikin 2008. Sa'an nan kuɗin waje suka janye, jirgin sama ya daina tashi. Waɗansu shirye-shirye sun biyo baya, har gwamnonin jihohin kwarin suka taru a Damaturu cikin 2006 aka kafa asusu, amma awo na kullum, wanda giɓi ya fara shigarsa tun shekarun 1980, bai koma yadda yake ba. Ni kaina sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na ɗauki rahotannin wannan kwari daga kanta, a jere, an yi musu bango. Da na dawo na nemi irinsu a wani ofis a gida, aka buɗe mini ɗaki, gara ta riga ni.

Kacala

Yanzu mu zo ga abin da yake gabanmu. Kafin madatsa, kogin nan yakan cika da damuna ya yi toroƙo, ya share bakinsa da ƙarfin gudu, da rani kuma ya ƙafe har a taka rairayi. Bayan madatsa abin ya juye: babbar ambaliya ta ragu, amma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani da ruwan sha. Ruwa maras zurfi, maras gudu, wanda ba ya ƙafewa, ga laka tana kwanciya, ga ragowar takin zamani daga gonaki, babu abin da kacala take so kamar wannan. Ciyawar, wadda masana suke kira Typha domingensis, ba baƙuwa ba ce, da can tana nan a 'yan gurabe, rani yana kashe ta. Da aka ɗauke mata rani sai ta miƙe. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, kan gora ɗaya kuma yana sakin iri dubu ɗaruruwa iska ta kwasa. Tana rage gudun ruwa, laka ta ƙara kwanciya, ita kuma ta ƙara samun wurin zama.

Haka ta toshe tsohon bakin Kogin Haɗejiya da mashigin Burum Gana, har mafi yawan ruwa ya karkata mashigin Marma ya nufi Nguru. Sai ga ƙauyuka biyu 'yan nesa kaɗan da juna, ɗaya gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, ɗaya yana kallon busasshen kwari. Jan baki ya sami sheƙa, yana tashi daga cikinta ya sauka a gero da shinkafa. Sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya suka sami gida. Masunci ba ya iya jefa birgi, kwalekwale ba ya wucewa. In kuma damuna ta yi ƙarfi, kogin da bakinsa ya cushe ba shi da inda zai bi sai gari, mutanen Ringim da Miga da Auyo da Haɗejiya sun ga haka cikin 2001 da 2010 da 2022. An yi aikin gayya da lauje, an kawo injunan haƙa masu tafiya a ruwa. An kuma gane cewa in an yanke ta a ƙarƙashin ruwa takan mutu, domin ta ganye take aika wa saiwarta iska. In an yanke a sama ko an ƙone, kamar aski aka yi mata.

A nan ne fannin da ake kira fasahar sarrafa ƙananan halittu domin gyaran muhalli ya shigo. Tunanin shi ne, abin da ba ka iya ƙarar da shi ba, nemo masa mai saye. A ƙarƙashin shirin gyaran noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2014, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Jami'ar Maryland ta Amurka da Jami'ar Fasaha ta Madrid da cibiyar yaɗa dabarun noma ta Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada abu biyu. Na farko, a yanke kacala tana ɗanya, a daddatsa, a rufe ta inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin bakteriya su tsima ta ta zama abincin dabbobi na rani. Na biyu, a zuba ta a rufaffen tanki, irin ƙwayoyin da ke narka ciyawa a tumbin saniya su ruɓar da ita, a sami iskar gas ta girki. A kwarin Kogin Senegal, inda madatsar Diama ta 1986 ta haifar da irin wannan annoba, gawayi suke yi da ita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai buɗe kogi shi kaɗai, maganin asali yana ga yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Calawa. Amma manomin da za a biya shi kuɗin dami ya fi wanda za a yi wa wa'azin gayya saurin ɗaukar lauje.

Ɗalibi

Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, an kafa shi cikin 1971, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES cikin 1973, domin masu masana'antu suna kukan cewa masu digiri suna fitowa ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Da masana'anta aka yi tunanin shirin, shi ya sa har gobe ɗalibi yake ganin in ba a ba shi kujera a wani gini ba, bai yi horo ba. Na ga littafin horon wani yaro wanda ya yi wata shida a wani ofis, shafi bayan shafi abin da ya rubuta shi ne ya iso ƙarfe takwas, an aike shi, ya tashi ƙarfe biyu. Mai duba shi ya sa hannu a kowane mako.

Sa'ad da Hollis yake aiki babu jami'a ko ɗaya a ƙasar Jigawa. Yau akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, mai sashen kifi da kiwonsa da sashen nazarin ƙananan halittu, akwai Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa tun 2013, a tsakiyar kwarin, ga kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya, ga Gashuwa a ƙarshen kogi. Ɗalibanmu kuwa suna aiki, kada a ce na ce ba sa yi. Madatsar Warwade da ke kusa da mu ta sha awo: tsamin ruwa, iskar oksijin da ke cikinsa, tsawon karfasa da nauyinta, tsutsar cikin tarwaɗa. Aibin shi ne kowa daga farko yake farawa. Wannan ya ɗebi ruwa wata uku a gabas, na bayansa ya ɗebi wata biyu a yamma da wani ma'auni dabam, kowa ya ɗaure kundinsa ya ajiye, babu mai iya jera su ya ce ga yadda ruwan ya sake cikin shekara goma. Kogi kuwa ba ya faɗin gaskiyarsa a wata uku.

Abin da nake ba da shawara ba ya bukatar jirgin sama. A zaɓi tashoshi kaɗan waɗanda ba za a sake su ba, a ce gadar Ringim, da Miga, da shingen Auyo, da Baturiya, da Warwade. Jami'o'i da ma'aikatun ruwa da muhalli da gona da Hukumar Kogunan su amince cewa zama a waɗannan wurare horo ne cikakke, a ba ɗalibi kuɗin mota da mai duba shi. Kowane rukuni ya karanta sandar awo kullum, ya auna abubuwa iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya, ya je bakin ruwa da safe ya rubuta abin da masunta suka fito da shi, da sunan Latin da sunan da masuncin ya faɗa, ya kwatanta iyakar kacala da hoton tauraron ɗan'adam, wanda yanzu kyauta ake samunsa har na shekarun 1970. In wata shida ya cika ya miƙa littafin ga na bayansa hannu da hannu, kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a ma'aikata. Ranar da wakilin Jigawa zai zauna da na Kano da na Yobe da na Tarayya a kan yawan ruwan da za a saki da watan da za a sake shi, da wannan littafi zai yi magana. Ni kuma ina roƙon a ba ni gurbin ɗalibin Hausa ɗaya a kowace tasha, saboda tsofaffin da suka san sunayen kifayen da aka daina gani suna tafiya.

Akwai tambaya ɗaya da zan bar wa rukunin farko. Majemun zamani na Sharaɗa da Calawa a Kano da gishirin kuromiyam suke jima, ruwan da suke zubarwa kuma Kogin Calawa yake bi, watau kanmu yake gangarowa. Kacala tana cikin tsirran da aka sani da zuƙe irin waɗannan ƙarafa, har a waɗansu ƙasashe da gangan ake shuka ta domin tace ƙazamin ruwa, kuma a saiwa ta fi tara su. To, in za mu yanke ganyenta mu tsima mu ba saniya, mu sha nonon, ya kamata wani ya auna nawa ne yake hawa ganye, a Wudil nawa, a Ringim nawa, a Auyo nawa, da rani da kuma damuna. Yaron da ya ce mini babu ruwa, na ba shi wannan tambaya a rubuce a bayan takardarsa ta Legas.